SOLA A GIDA: RASHIN KULA YANA KASHE GARANTI

Duk wanda ya ratsa Hanwa a 'yan shekarun nan, ko Tudun Wada da sauran unguwannin Zariya, in ya ɗaga kai zai ga faranten sola a kan rufin gidaje da shaguna da masallatai. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Wutar da jama'a ke kira ta Nepa har yau, wadda kamfanin Kaduna Electric ke rarrabawa, ba kullum take samuwa ba. Janareta kuma ya zama sai mai hali tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. Wannan ya sa magidanta da yawa suka koma ga hasken rana. Wani ya sayar da buhunan masara, wani ya ɗauki adashe, wani ya ci bashi, duk don iyali su sami haske da fanka.

Ran da aka sayi kayan, mai shago yakan ce, "Akwai garanti." Mai saye sai ya ji hankalinsa ya kwanta. Amma ran da batir ya mutu aka mayar, sai a ji wata magana dabam. A ce ba a kula da shi ba, saboda haka ba canji. Nan ne rigima take tashi, wani lokaci har gaban mai unguwa.

MENE NE GARANTI?

Garanti alkawari ne. Kamfanin da ya ƙera kaya yana cewa in kayan suka lalace cikin wani wa'adi saboda aibin da suka zo da shi daga masana'anta, zai gyara ko ya canza kyauta. A lura da wannan sharaɗi da kyau: aibin ƙira. Garanti bai shafi ɓarnar da mai kaya ya jawo da hannunsa ba, ko wadda sakaci ya jawo. Wato alkawarin yana da ƙafa biyu. Kamfani yana da nasa nauyin, mai gida ma yana da nasa.

Abu na biyu, sola ba abu guda ba ne. Akwai farantin da ke karɓar hasken rana. Akwai kwantirola mai daidaita caji. Akwai batir mai ajiye wuta. Akwai inbata mai juya wutar batir ta zama irin wadda talabijin da fanka ke sha. Kowanne da nasa garantin, kuma wa'adinsu ba ɗaya ba ne.

Manyan kamfanonin faranti sukan ba da shekara 10 zuwa 12 a kan aibin ƙira, wasu fiye da haka. Sukan kuma yi alkawarin cewa bayan shekara 25 farantin zai ci gaba da ba da kamar kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Farantin wat 300 ke nan ba zai gaza wat 240 ba. Inbata kuwa garantinta gajere ne, sau da yawa shekara 1 ko 2, wasu har 5. Batir mai ruwa yakan sami shekara 1 zuwa 2. Batirin litiyam yakan sami shekara 5, wasu kamfanoni har 10. Saboda haka in mai shago ya ce "garanti shekara 25 ne", to farantin kaɗai yake nufi. Abin da ya fi saurin mutuwa, wato batir mai ruwa, yana cikin waɗanda garantinsu ya fi gajarta.

MISALIN MAƘWABTA BIYU

A ɗauka maƙwabta biyu ne a Hanwa suka sayi kaya iri ɗaya, a shago ɗaya, rana ɗaya. Kowanne ya sayi batir biyu masu ruwa. Bayan wata tara, batirin kowannensu ya daina riƙe wuta.

Na farko ya je da rasit da katin garanti mai tambarin shago. Ya kuma je da ɗan littafin da yake rubuta ranar da ya ƙara ruwa. Aka duba batir, aka ga ruwa cike, baki tsaf, ba kumburi. Aka auna, aka ga ɗaki ɗaya daga cikin ɗakuna shida na batirin ne ya mutu. Wannan alamar aibin ƙira ce. Hujjarsa ta tsaya, canji ya zama haƙƙinsa.

Na biyu ba rasit, ya ce ai mai shago ya san shi. Aka buɗe murfin ruwa, aka ga ƙarafan ciki sun bushe sun yi fari. Jikin batir ya kumbura. Da aka tambaya, ashe da dare ana jona dutsen guga da hita. Wannan ba wanda zai canza masa. Kuɗin sabon batir daga aljihunsa zai fito.

Kaya ɗaya, shago ɗaya, amma sakamako biyu. Bambancin kula ce da ajiye shaida.

BATIR SHI NE ZUCIYA

Batir mai ruwa yana bukatar a duba ruwansa aƙalla sau ɗaya a wata. Lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, gara a duba duk mako biyu, don zafi yana ƙone ruwan da sauri. A nan akwai kuskuren da ya kashe batura da yawa. Abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwan nan da ake kira distil, wanda ake sayarwa a kwalba. Ba ruwan rijiya ba, ba na burtsatse ba, ba fiya wata ba, domin duk suna ɗauke da gishirin ƙasa mai ɓata ƙarafan ciki. Kuma ba asid ba. Da yake a Hausa duka biyun akan ce musu ruwan batir, mai aiken yaro kasuwa ya fayyace masa wanda ake so.

Na biyu, kada a tatse batir ƙarƙaf. Ƙa'idar batir mai ruwa ita ce a sha rabin wutarsa a bar rabi. Ga lissafi mai sauƙi. Batir biyu, kowanne bolt 12 da amfiya 200, suna ajiye wat 4,800 na awa guda. Rabinsa 2,400 ne. Fanka biyu masu wat 70, ƙwai shida masu wat 10, da talabijin mai wat 60, jimla wat 260 ke nan. Wannan zai kai kamar awa takwas lafiya. Amma dutsen guga guda yana shan wat 1,000 ko fiye. Abin da ya sha a awa ɗaya ya kusa abin da dukkan waɗancan za su sha a awa huɗu. Batirin da ake tatsewa haka kullum ba ya shekara, kuma ma'auni yana tona asirin yadda aka yi da shi.

Na uku, wurin ajiya. Batir yana son wuri mai sanyi da iska. Masana sun tabbatar cewa in zafin wurin ya haura digiri 25 da kamar digiri 10, rayuwar batir mai ruwa takan ragu da rabi. Ajiye shi a ɗakin girki, ko a rufaffen kwaba, ko inda rana ke dukansa, ganganci ne. A ɗora shi kan katako ko ƙarfen da aka yi dominsa, nesa da damshi da wuta, domin lokacin caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta.

Na huɗu, kada a haɗa tsohon batir da sabo, ko manya da ƙanana. Tsohon zai ja sabon ƙasa, kuma yawancin kamfanoni sun rubuta cewa yin haka yana soke garanti.

Masu batirin litiyam su san cewa nasu ba ya bukatar ruwa, amma yana da wata na'ura a ciki mai lura da shi. A yawancinsu na'urar tana ajiye labarin zafin da ya sha da nauyin da aka ɗora masa. Ran ƙorafi injiniya zai karanta duka. Musu ba zai yi amfani ba.

FARANTI DA ƘURAR HUNTURU

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe Zariya. Ƙura tana kwanciya kan faranti, wuta ta ragu. Wannan ragin ba ya cikin garanti, domin alkawarin kamfani a kan faranti mai tsabta aka yi shi. Illar kuma ba ta tsaya nan ba. Faranti mai ƙura ba ya cika batir, batirin da ba ya cika kuwa kwanansa ya ƙare. Ta haka ƙurar da ke kan rufi take kashe batirin da ke cikin ɗaki.

A hunturu a wanke faranti aƙalla sau ɗaya a mako. A yi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da gilashin ya huce. Zuba ruwan sanyi kan gilashi mai zafi da tsakar rana yana iya tsaga shi. Ruwa mai tsabta da ƙyalle mai taushi sun isa. Ban da soson ƙarfe, ban da yashi, ban da omo. Kada a taka faranti ko a durƙusa a kansa, domin ƙwayoyin ciki suna tsagewa ba tare da ido ya gani ba. A kankare kashin tattabaru da wuri, a kuma sare reshen darbejiya ko mangwaro da ke yi masa inuwa. Wurin da aka rufe yakan yi zafi fiye da saura har ya ƙone, kamfani kuma zai ce sakaci ne. Huda jikin faranti ko yanke masa waya shi ma yana soke garanti.

INBATA, ARADU DA MAI GYARA

Inbata tana da ƙofofin shan iska. In ƙura ta toshe su, sai ta yi zafi ta ƙone. A riƙa goge ta da busasshen ƙyalle, kada a rufe ta da zane. A kuma san iyakar ƙarfinta. Firiza da injin jan ruwa suna fizgar wuta ninki biyu ko uku lokacin tashi.

Da damina ta kama, daga Mayu zuwa Oktoba, sai batun aradu. Kusan duk takardun garanti sun cire ɓarnar aradu da ambaliya da gobara. Kariyar ita ce a sa wayar da ake binnewa a ƙasa, da na'urar tare fizgar wuta, da fis tsakanin batir da inbata. Tun ran gini ran zane. A tabbatar an sa su ranar haɗawa.

Babban abin da ke soke garanti nan take shi ne buɗe kaya. Inbata da kwantirola suna da hatimi a kan kusoshinsu. Da zarar mai gyaran rediyo na bakin titi ya ɓalle shi, magana ta ƙare, ko da aibin na kamfani ne. In abu ya lalace cikin wa'adi, a kashe shi, a kira wanda ya sayar. Haka nan wanda zai haɗa kayan tun farko ya zama ƙwararre. Hukumar NEMSA ta gwamnatin tarayya ce ke ba masu haɗa wutar lantarki takardar shaida, kuma ba laifi ba ne mai gida ya nemi ganinta.

TAKARDA ITA CE SHAIDA

Garantin baka ba garanti ba ne. Kafin a biya kuɗi a karɓi rasit mai kwanan wata, da sunan kowane kaya da lambar da ke jikinsa. A karɓi katin garanti mai tambari da sa hannu. A tambaya: wa ke da alhakin garantin, kamfani ko shago? In kaya sun lalace ina za a kai? Wa zai biya kuɗin mota? Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya sa a karanta masa sharuɗɗan kafin ya amince. Matambayi ba ya ɓata.

A ɗauki hoton takardun da waya, a adana na asali cikin leda. A sayi littafi ɗan ƙarami a riƙa rubuta ranar wanke faranti, ranar ƙara ruwa, da ranar da injiniya ya zo. Kada a ɓanɓare takardar da ke manne a bayan faranti ko jikin batir. Kayan gwanjo kuwa, ko da sun yi araha, yawanci ba su da garantin kamfani. Araha ba ta ado.

IN AN HANA MUTUM HAƘƘINSA

Ba kullum laifin na mai gida ba ne. Akwai 'yan kasuwar da ke fakewa da "rashin kula" don su guje wa alkawari. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye ikon mayar da kaya masu aibi cikin wata uku da karɓarsu, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Wanda ya riƙe ƙa'ida kuma yana da takardunsa, ya fara da mai shago, sannan wakilin kamfani. Shugabannin 'yan kasuwa ma sukan sasanta irin wannan. In duk abin ya ci tura, sai a kai ƙara ga hukumar.

Gargaɗi na ƙarshe: mataccen batir ba abin fasawa ba ne. Mai neman canji dole ya mayar da shi yadda yake. Ban da haka, a cikinsa akwai dalma, gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinariya. A nisanta shi daga yara, a miƙa shi ga masu sayen tsofaffin batura.

Sola dukiya ce, kuma dukiya sai da kiwo. Bokitin ruwa ɗaya a mako, kwalbar distil ɗaya a wata, da rasit a cikin leda, su ne ke tsaya wa mai gida ran da kaya suka ba da matsala. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa albarka a abin da aka saya.