Matatar mai a Ollelewa, gero a bayan jaki

Tun da aka rusa jam'iyyun siyasa a Nijar a watan Maris na 2025, duk wanda ya ta da maganar 'yan majalisa su haɗa kai kan sufuri mai ɗorewa sai a yi masa dariya: wace majalisa, waɗanne jam'iyyu? Majalisar Dokoki dai ta tafi da juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai majalisar tuntuɓa ta CCR ta maye gurbi. Amma masu dariyar sun manta cewa a cikin wannan watan na Maris ne aka yi ta dogon layin fetur a Yamai da sauran manyan garuruwa, a ƙasar da ke haƙo mai tana tace shi.

Abin da ake nufi da haɗin kan ba shi da wuya. A majalisar Ingila akwai ƙungiyar 'yan jam'iyyu daban-daban da ke kula da hawan keke da tafiyar ƙasa. Ba ta yin doka, bincike take yi ta fitar da rahoto ta matsa wa ministoci. Gwamnati ta sauka, batun yana nan.

Mutanen Ollelewa da ke jihar Damagaram sun ga irin wannan da idonsu. Matatar SORAZ, mai tace ganga 20,000 a rana, a cikin gundumarsu take. Tandja Mamadou na MNSD ya aza tubalinta a 2008, sojojin Salou Djibo da suka kifar da shi ba su tsayar da aikin ba, aka buɗe ta a Nuwamban 2011 zamanin Mahamadou Issoufou na PNDS. A gwada da layin dogon Yamai zuwa Dosso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016, aikin gwamnati guda, wanda har yau bai zama hanyar jama'a ba.

Sai dai sufurin Damargu, yankin da Ollelewa take ciki, bai fara da kwalta ba, kuma nan ne masu tsara manufa ke yin sakaci. A ƙarni na 19, ayarin Buzayen Kel Ewey da ke ɗauko hajar Tarabulus ta Ghat da Agadas ta nan yake ratsawa kafin ya isa Damagaram da Kano. Damargu ce rumbun Abzin: a nan ake loda geron da ake kaiwa Bilma da Fachi a sauya da gishiri da dabino. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru cinikin Tarabulus ya mutu, don kaya ta teku da dogo sun fi araha. Masu raƙuma ba su zauna ba, suka koma dakon gyaɗa zuwa bakin dogo. Ba wanda ya shawarci mutumin Damargu a 1911. Ga shi kuma tun 2021 ana gina layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda zai iya sake karkatar da ciniki yamma, nan ma shiru.

Yau tankokin mai na bin babbar hanyar Damagaram zuwa Tanout da Agadas, wani yanki na hanyar Aljas zuwa Legas. Amma buhun geron da ke isa kasuwar Bakin Birji daga ƙauyukan cikin rairayi, galibi amalanke ne ko jaki ke kawo shi. Jakin nan bai san layin fetur ba. In ana neman sufurin da ba ya hayaƙi, gyaransa ba ya jiran kayan waje, talaka kuma na iya mallakarsa, ga shi a ƙofar gida, sai dai ba shi da kwarjinin da za a kai shi taro a otal. Har sai da masu sayen fata suka yi ta kwasarsa kafin Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta hana yanka su don fata a 2024.

Wakilan Damagaram da ke CCR, da yake yanzu babu tutar jam'iyyar da za ta raba su, ba su da uzuri. Su kafa kwamiti guda, su tambayi kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya nawa ke komawa gyara, su nemi a zuba tsakuwa a hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan Ollelewa da Belbeji da kwalta, a samar da likitan dabbobi da wurin ban ruwa a kasuwanni. Su kuma rubuta binciken a ajiye, yadda majalisar da za a zaɓa nan gaba za ta ɗora daga inda suka tsaya.