Ciyawar Teku Ma Tana da Iri

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan mako filinmu na kimiyya ya leƙa tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, inda ake noma a cikin teku. Tun shekarar 1989 mutanen ƙauyuka irin su Paje da Jambiani, galibinsu mata, suke noman wata jar ciyawar teku da aka kawo daga ƙasar Filifin. Daga jikinta ake samun karajinan, sinadarin da ke sa man goge baki da askirim su yi kauri.

Shukarta kamar ta rogo ce. A yanko reshe, a ɗaure shi a igiyar da aka ja tsakanin turaku a ruwa marar zurfi, bayan kamar mako shida a girbe. Sai dai kowane reshe uwarsa ce sak, da ƙarfinta da rauninta. Shi ya sa in ruwa ya yi zafi, cutar da ake kira ais-ais ta shigo, sai rassa su yi fari fat su kakkarye, gona guda ta tafi.

To, shin ciyawar ba ta da iri ne? Tana da shi, ko da yake ba ta fure. Irinta ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma haihuwarta hawa uku ce.

Na farko, akwai tsiro namiji da tsiro mace. Ƙwayar namijin ba ta iya iyo, ruwa ne ke kai ta jikin macen.

Na biyu, in sun haɗu sai wasu 'yan ƙuraje su fito a jikin macen. Idan sun nuna, su saki ƙwayoyin iri a ruwa.

Na uku, waɗannan ƙwayoyi su girma su zama tsiron da ba namiji ba, ba mace ba. Shi kuma ya fitar da nasa ƙwayoyin huɗu-huɗu, daga cikinsu maza da mata su sake tasowa.

Ƙwayar da aka saki takan nutse ta manne wa dutse. A nan za ta yi ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, har ta baje kamar ɗan faifai. Daga tsakiyarsa tsiro ke miƙewa. Wannan ne lokacin haɗari: laka na iya binne shi, ƙananan halittun ruwa su cinye shi. Wanda ya tsira sai ya yi watanni kafin ya isa ɗaurawa a igiya.

Me ya sa masu bincike ke jure wannan jira? Saboda tsiron da ya fito ta iri ya gaji iyaye biyu, kowanne da halinsa. A cikinsu ake fatan samun mai jure zafi da cuta. Ga matar da kuɗin makarantar 'ya'yanta ke rataye a wannan igiya, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.