Nawa Kutse Zai Ci Wa Ɗan Kasuwar Gaya?

Gaya ta jihar Dosso a Nijar gari ne na fito: ga Malanbil ta Benin a tsallaken kogin Kwara, ga Kamba ta jihar Kabi a gabas. Takardun duwan da kuɗin da ake aikawa da yawansu sun koma kwamfuta da waya, don haka ɓarawo ba ya buƙatar fasa shago.

Akwai ƙwararrun da aikinsu shi ne faɗin asarar kutse da kuɗi. Tsarin da suka fi bi shi ne FAIR, wanda Ba'amurke Jack Jones ya ƙirƙiro, kuma ƙungiyar The Open Group ce ke ba da takardar shaidarsa bayan jarrabawa. Tambayoyinsa biyu ne: sau nawa abin zai iya faruwa a shekara, kuma nawa za a rasa in ya faru? Misali, kutsen da ake tsammani duk shekara biyar, mai cin sefa miliyan 10, asarar miliyan 2 ce a shekara. Wanda ya kashe miliyan 5 duk shekara don tsare shi ya yi wauta.

Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, amma doka ba ta maido da dukiya. Matasan Dosso masu karatun lissafi, ga sana'a.