Gudun Motsa Jiki: Yadda Za A Fara Kuma A Ɗore

Da yawa daga cikin ma'aikata da 'yan kasuwa sun taɓa sayen takalmin gudu, suka fita kwana uku ko huɗu da sassafe, daga nan takalmin ya koma ƙarƙashin gado. Akan ɗora laifin a kan lalaci, amma galibi ba shi ne dalili ba. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya ɗauki abin da zafi tun ranar farko, ya yi ta zagaya fili har numfashi ya gagare shi, washegari ya tashi cinyoyi da gwiwoyi suna ciwo. Wanda ya sha irin wannan wuya ba zai yi marmarin komawa ba.

Alhali kuwa abin da jiki ke bukata bai kai yadda ake zato ba. A ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi da ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri, ko kuwa minti 75 na motsa jiki mai ƙarfi, kamar gudu. Wato minti 25 sau uku a mako ya wadatar. Duk da haka, alƙaluman hukumar sun nuna cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya ba su cika wannan ma'auni ba. Bugu da ƙari, wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2014, wanda ya bi diddigin mutane fiye da 55,000 har tsawon shekara 15, ya gano cewa haɗarin mutuwa ta dalilin ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya ragu da kashi 45 cikin 100 ga masu gudu, kuma har waɗanda ba sa wuce minti 5 zuwa 10 a rana sun amfana.

Hanyar da ta fi dacewa da sabon shiga ita ce haɗa gudu da tafiya. Akwai wani tsari na mako 9 da wani Ba'amurke, Josh Clark, ya fito da shi a 1996, wanda daga baya hukumar kiwon lafiya ta Birtaniya ta rungume shi. A makon farko mutum zai yi sassarfa ta minti 1, ya yi tafiya ta minti 1 da rabi, ya riƙa maimaitawa har minti 20, sau uku a mako, yana hutawa kwana guda a tsakani. Sannu a hankali gudun na ƙaruwa, tafiyar na raguwa, har a mako na 9 ya iya yin minti 30 ba tsayawa. Ma'aunin sauri kuwa mai sauƙi ne: idan ba ka iya yi wa na kusa da kai magana kana cikin gudu, to ka rage.

Sai batun ƙwarin gwiwa. Kuskure ne mutum ya zauna jiran ranar da zai ji sha'awar fita, domin sha'awar takan biyo bayan sabo ne. Abin da ya fi shi ne a ɗaura gudun da wani abu da ba ya sauyawa, misali bayan sallar Asuba, lokacin da gari ke da sanyi kuma tituna ba su cika ba. A tanadi kaya tun da dare. A nemi abokin fita, domin kunyar barin mutum yana jira a ƙofar gida ta fi ƙararrawar agogo tasiri. Mata ma za su iya haɗa kansu su yi amfani da filin wata makaranta da ke kusa, da izinin hukumarta.

Wanda ya fara gudu don rage ƙiba kawai, shi ne ya fi saurin karaya, saboda sikeli ba ya saurin nuna sauyi. Akwai alamomin da ke riga shi bayyana: barci mai nauyi, hawa bene ba tare da haki ba, da raguwar bugun zuciya a lokacin hutu. Yana da kyau a riƙa ƙirga bugun da safe ana rubutawa a ɗan littafi. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, amma sau da yawa ba a tuna hakan sai an je dubiya asibiti an ga magidancin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, matsalar da hawan jini ke kan gaba wajen haddasa ta. Shekaru ma ba hujja ba ne. Fauja Singh, ɗan asalin Indiya da ya zauna a Ingila, ya shiga gudun fanfalaki yana da shekara 89, kuma ya kammala na birnin Toronto a 2011 yana da shekara 100.

Wajibi ne a yi la'akari da yanayin ƙasarmu. A lokacin bazara kada a yi gudu bayan rana ta ɗaga, kuma a sha ruwa sosai. Idan ƙurar hunturu ta yi yawa, masu ciwon asma su dakata. A watan azumi gara a rage, a kuma mayar da shi bayan buɗa-baki. Masu hawan jini, ciwon sukari ko ciwon zuciya, da mata masu juna biyu, su tuntuɓi likita kafin su fara. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashinsa na sarƙewa yana cikin gudu, ya tsaya nan take ya garzaya asibiti mafi kusa.