Ɓarawon da ke Shiga Waya da Izinin Mai Ita

Ranar kasuwa a Madawa, Buza ko Keita, rumfar mai cajin waya ba ta rabo da jama'a. Wannan na so a tura masa wa'azi, wancan finafinan Kano, wani kuma a saka masa WhatsApp ɗin da ke nuna saƙon da aka goge. Da yake mega na da tsada, ta Xender ko katin memori ake turawa. Ta nan Trojan ke samun ƙofa.

Trojan muguwar manhaja ce, kura da fatar akuya. Ba ta yaɗa kanta. Yawanci mai wayar ne ke saka ta da hannunsa, ya kuma amince mata ta karanta saƙonninsa.

A shekarar 2021 kamfanin Kaspersky ya gano wata Trojan mai suna Triada a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin jabun WhatsApp da ke yawo hannu da hannu. Tana karanta lambar tabbatarwa da ke zuwa ta SMS, tana yi wa mutum rajistar abubuwan biya bai sani ba, tana kuma janyo wasu miyagun manhajojin. Kafin nan, a 2020, masu binciken Secure-D sun same ta a wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashe irin su Habasha, Gana da Kamaru, tana ciki tun kafin masu saye su kunna su. Kamfanin Transsion mai ƙera Tecno ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito.

A yankin Adar na Nijar abin ya wuce asarar kiredi. Gidaje da yawa na jiran saƙon ƴan ci-rani daga Abijan, Libiya ko Najeriya, dillalan albasa kuma na karɓar ciniki ta waya. Wanda ya kama WhatsApp ɗin magidanci yana iya roƙon kuɗi da sunansa, dangi su aika ba tare da shakka ba.

Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, amma ɓarawon kan kasance a wata ƙasa, kuɗin da ya tafi kuwa da wuya ya dawo. Saboda haka rigakafin na hannun masu rumfunan caji da masu gyaran waya: su daina tura jabun WhatsApp, su riƙa sauko da manhaja daga Play Store. Wanda kuma ya ga kiredinsa na ƙarewa ba dalili, ko talla na faɗo masa barkatai, ya kai wayar a duba, ya canja lambar sirrinsa.