Ƙibar yara a ƙasar da aka fi sanin tamowa

A Sandamu da sauran ƙauyukan ƙasar Daura, idan yaro ya yi ɓul-ɓul sai a ce tubarkalla, gidansu akwai ci. Ba laifin iyaye ba ne. Jihar Katsina na cikin wuraren da tamowa ta fi addabar ƙananan yara a Najeriya, kuma uwar da ta taɓa bin layin karɓar abincin tamowa ba za ta ga ƙiba ta ce cuta ba ce. Shi ya sa zancen ke da wuyar ɗauka a nan.

Amma abin yana tafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 a duniya ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 ya kai kashi 20. Dalilan kuwa suna bakin shagon unguwa: lemon kwalba, biskit, alewa, taliyar leda da ake soyawa da mai. Yaron da a da zai bi mahaifinsa gona ko ya yini yana langa, yanzu, musamman a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, babur ke kai shi makaranta, ya dawo ya rungumi waya. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da gwamnatin tarayya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 ya yi ƙanƙanta, ban ga ya hana kowa saye ba.

Wurin da ya fi damuna shi ne inda yunwa da ƙiba suka haɗu a jiki ɗaya. Binciken da David Barker da abokan aikinsa suka yi a kan mutanen birnin Helsinki na ƙasar Finlan, wanda ya fito a 2005, ya nuna waɗanda ciwon zuciya ya kama da girma galibi an haife su ƙanana, suna ramammu har shekara 2, sannan suka yi ƙiba da sauri. Jikin da ya taso cikin ƙarancin abinci yana sabawa da tattali. Idan sukari da maiƙo suka zo masa da yawa daga baya, sai ya kasa sarrafa su. Ke nan yaron Sandamu da ya tsira daga tamowa, aka shiga ɗura masa kayan zaƙi don ya murmure, yana iya fin ɗan Turai shiga haɗarin ciwon suga da hawan jini.

Magani yana aiki, kuma hujjar tana da ƙarfi. A 2011 wani nazari da ya bi mutane sama da 6,000 a Amurka, Finlan da Ostareliya tun suna yara ya gano cewa wanda ya yi ƙiba a yarinta amma ya rabu da ita kafin ya girma, haɗarinsa na ciwon suga, hawan jini da kaurin jijiyar wuya ya koma daidai da na wanda bai taɓa yin ƙiba ba. Ɓarnar ba ta dawwama idan an tare ta da wuri.

Allurar rage ƙiba da Amurka ta amince a yi wa matasa a ƙarshen 2022 ba ta talakan Sandamu ba ce, tsadarta kaɗai ta isa. Abin da ke hannu ya fi sauƙi. Asibitin sha-ka-tafi da ke awon jarirai ya riƙa auna tsawo da nauyin 'yan makaranta, ya gwada jininsu. Baƙin da ke fitowa a bayan wuyan yaro mai ƙiba, wanda uwa ke dirzawa da soso tana zaton dauɗa ce, sau da yawa alama ce ta jiki ya fara gaza sarrafa sukari, kuma ya kamata malaman asibiti su faɗa wa iyaye haka. A gida kuma kada a hana yaro abinci ko a riƙa yi masa gori, domin yana kan girma. A canja tukunyar gidan gaba ɗaya: a koma tuwon gero da dawa, wake, zogale, fura da nono ba tulin sukari, lemon kwalba kuma ya tsaya a ranar sallah da suna.