Aliero Ko Zariya?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in kawo wata magana. Ƙanena zai nemi shiga jami'a, zuciyarsa kuwa tana Zariya. Mahaifinmu ya tsufa a Maiyama, ni kuma aikin akawu ya ɗaure ni a Jega. Na ce wa yaron tun 2006 aka kafa jami'ar kimiyya a Aliero, ya shiga nan, ya riƙa leƙo gona. Tsohon ya ce a'a, ko Shehu Usmanu sai da ya je Agadas wurin Malam Jibrila neman ilmi. Amma in damina ta faɗi, wa zai riƙe masa fartanya? Malamai, ku raba mana gardama.

Naka,
Wani Akawu, Jega.